Ranar da faifai ya haɗiye muryar Baba

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya na tace fim ya san wata kunya da ba ta da magani: a taru, a sa faifan da ka kwana ka na haɗawa, hoto ya fito tar, amma tsit ka ke ji. Ni tawa kunyar ba gaban furodusa ko 'yan kasuwar Ƙofar Wambai na sha ta ba. Gaban mahaifiya ta na sha ta.

Allah ya yi wa mahaifin mu rasuwa a 2004. Hotunan sa na kati mu na da su, amma muryar sa wuri ɗaya tak ta rage: wani kaset ɗin bidiyo na bikin yayar mu da aka ɗauka a 1997. A ciki akwai inda Baba ya zaunar da ango da amarya ya yi masu nasiha ta kamar minti bakwai. Kaset ɗin ya fara gajiya, ya na zane-zane, har sau biyu bidiyo ya na tauna shi.

A 2006 ina koyon aikin edita a wani situdiyo da ke Titin Gidan Zoo a Kano. Lokacin kaset ya fara ja da baya, faifan VCD ne ke tashe, DVD kuma ya na leƙowa. Da zumuɗi irin na ɗan koyo na ce wa Hajiya ta ba ni kaset ɗin zan mayar ma ta da shi DVD. Sai da ta yi jim, sannan ta ce, "Auta, ka riƙe shi amana. Ba mu da wani."

Kwana uku na yi a kan sa. Washegarin Ƙaramar Sallah gida ya cika, aka tada janareto, na sa faifai ina hura hanci. Ga Baba nan cikin farar babbar riga, bakin sa na motsi, ya na nuni da yatsa kamar yadda ya saba. Ba ko tari. Na ƙure murya, na girgiza rimot, na cire na mayar. Shiru. Can Hajiya ta ce, "Bar shi haka, ai mun gan shi." Wallahi da zagi na ta yi da ya fi mani sauƙi.

A daren na fara bincike. Na sa wani fim ɗin Hausa da ke gidan, sauti ya fito rangaɗau. Ke nan talabijin lafiyar sa lau, na'ura ma haka. Da sassafe na garzaya situdiyo na buɗe faifan a kwamfuta. Folda biyu na gani, VIDEO_TS da AUDIO_TS. Na buɗe ta biyun, wayam! Na ce shi ke nan, na kama ɓarawo. Maigida na ya zo ya tarar ina ta huci, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai yaro, wannan foldar ko a fim ɗin Indiya da ka saya haka za ka gan ta fanko. An yi ta ne don faifan waƙa zalla. Sautin fim ya na cikin fayilolin VOB, cakuɗe da hoto." Ya buɗe nawa VOB ɗin ya duba. Hoto ne kaɗai a ciki.

A nan ya zaunar da ni ya yi mani karatun da har yau ban manta ba. Kwamfuta ba ta ɗaukar murya a dunƙule; gutsura ta ke yi sau dubbai a kowane sakan. Ƙa'idar VCD, wadda kamfanonin Philips, Sony, JVC da Matsushita su ka fitar a 1993, ita ce gutsure 44,100 a sakan, irin na faifan waƙa. DVD kuwa 48,000 ya ke so. Da ya ke aikin situdiyon mu duk na VCD ne, kwamfutar a 44,100 aka saita ta, kuma a haka na kwashe kaset ɗin. Manhajar da ke matse bidiyo ta ba ni fayil biyu, na hoto daban, na sauti daban. Da na kai su ga manhajar haɗa faifai, ta karɓi hoto ta ƙi sauti. Ta ma yi mani gargaɗi da Turanci, na danna "OK" ban karanta ba. Abin da na saurara kafin bugawa aikin da ke cikin kwamfuta ne, ba faifan ba.

Garin gaggawa na sake yin wani shirme. Na canza lambar da ke kan fayil ɗin daga 44,100 zuwa 48,000 ba tare da an sake lissafa sautin ba. Sai ga muryar Baba ta siririce ta na gudu kamar ta saurayi, magana ta na riga baki. Maigida ya ce, "Ka ga, canza wa buhu suna ba ya ƙara masa gero." Aka koma aka juya shi yadda ya kamata.

Sai batun irin sautin da za a sa. DVD na karɓar PCM, wato sauti ɗanye wanda ba a matse ba. Kowace na'ura na karanta shi, sai dai cin wuri: awa ɗaya kusan megabait 700, alhali faifan duka gigabait 4.7 ne, kuma bikin awa biyu ne. Akwai MP2, irin na VCD. Na'urorin tsarin PAL da mu ke amfani da shi a Nijeriya su na karanta shi, amma waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka ba a wajabta masu ba, kuma irin su kan shigo mana a gwanjo. Akwai DTS, wanda na'urori da yawa ba su fitar da shi ta wayoyin ja da fari, sai an haɗa da babbar amfilifaya. Sai Dolby Digital, da ake kira AC-3: awa ɗaya ba ta kai megabait 100 ba, kuma babu na'urar DVD da ba ta san shi ba. Shi mu ka zaɓa.

Na buga faifai na biyu, na gwada a situdiyo, murya ta fito. Na hau acaɓa sai gida. Wannan karon ban tara kowa ba, daga ni sai Hajiya. Na sa. Shiru kuma!

Na zauna daɓas a ƙasa. Da na rasa abin yi sai na leƙa bayan talabijin. Ƙaramin talabijin ne mai inci 14, kafar sauti ɗaya gare shi. Wayoyi uku ke fitowa daga na'ura: rawaya ta hoto, fara ta sautin hagu, ja ta sautin dama. Wani yaro a gidan ya cusa ja, farar na lilo. Na zare ja na sa fara.

"...ku ji tsoron Allah a kan junan ku."

Muryar Baba ce ta cika ɗakin. Ashe bidiyon da na kwashe kaset da shi mai kafar sauti ɗaya ne, don haka duk maganar ta tafi ɓangaren hagu, dama ba komai. Finafinan kasuwa na da sauti a ɓangarorin biyu, shi ya sa su ka yi magana ta jar waya, nawa ya yi gum. A situdiyo ban lura ba, don lasifikar hagu ce ke kusa da kunne na.

Hajiya ba ta ce uffan ba. Ta na zaune ta na motsa baki tare da shi, kalma bayan kalma. Ashe ta haddace nasihar tun ranar bikin. Da ya kai ƙarshe ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Mayar da shi baya." Sau huɗu mu ka saurara. Washegari na koma na kwafi sautin hagu zuwa dama, na buga faifai na uku, na yi wa kowane ɗan'uwa nasa.

Tun daga ranar na ɗauki wasu ɗabi'u. Ba na danna saƙon gargaɗi sai na karanta. Ba na yarda da faifai sai na ji shi a na'urar gida da ƙaramin talabijin irin na mai kallo, don ba kwamfutar edita ce za ta shiga ɗakin amarya ba. Ina sauraren hagu daban, dama daban. Kuma ba na rabuwa da asalin kaset ko da an gama aiki.

Mu 'yan fim mun daɗe mu na fifita kyamara a kan makirfo. Alhali finafinan mu magana ce da waƙa. Mai kallo zai yafe maka hoto mai hazo, amma in bai ji abin da jaruma ta faɗa wa uwar miji ba, ya tashi ke nan.

Yanzu faifai ya zama tarihi, kallo ya koma waya da YouTube. Amma ciwon na nan. Har yau za ka cusa filash a talabijin, hoto ya fito, sauti ya ƙi, saboda talabijin ɗin bai san irin sautin da ke cikin fayil ɗin ba. Ka juya shi zuwa AAC cikin MP4, ya yi magana. Haka na yi wa nasihar Baba a 2019, ta na cikin wayar kowa a gidan mu, har jikokin da ba su taɓa ganin sa ba sun san yadda ya ke gyaran murya kafin ya fara magana.

Mai karatu, in akwai wani tsohon kaset a ƙarƙashin gadon gidan ku, kar ka jira. Zaren kaset na lalacewa, bidiyon da zai karanta shi kuma sai an tona. Ka kai a juya maka, kuma kafin ka biya kuɗi ka ce a ƙara murya ka ji da kunnen ka.

Allah ya jiƙan iyayen mu, ya kyautata namu zuwan.