Burtalin kekuna a bakin kogin Luwar

Kowa ya san burtali. Manoma su bar shi tsakanin gonaki, makiyayi ya kora dabbobinsa ciki, shanu su kai mashaya ba su taɓa gero ba. Inda aka cinye burtali kuwa, kun san abin da ke biyowa baya. To, a ƙasar Faransa na ga wani irin burtali wanda ba na shanu ba ne, na kekuna ne. Labarinsa nake so in ba ku.

A 2018 aka tura mu wani horo na malamai a birnin Tur. Lokacin nan gida damana ta zauna, can kuma watan Yuli ne, lokacin zafinsu da hutun ƴan lakwal. Da aka ba mu kwana uku na hutu, wani abokin karatunmu ɗan ƙasar ya aro mini keken ƙanensa, ya ce mu tafi Somur. Na tambaye shi nisa, ya ce kimanin kilomita 80. Nisan bai dame ni ba. Ni mutumin keke ne, da shi nake zagaya ƙauyukan da nake aiki. Abin da na tambaya shi ne motoci. Ya yi dariya, ya ce in zo in gani.

Dalilin tambayata, duk wanda ya taɓa tuƙa keke a gefen gudro ya san shi. Kunnenka yana baya, idonka yana gaba. Da ka ji ƙugin kaminyo sai ka sauka cikin rairayi, ka dafe hula, ka jira ƙura ta lafa. Wata rana iskar motar kaɗai ta isa ta kada mutum. Mai keke ya saba da wannan tsoro har ya daina kiransa tsoro, ya ɗauka haka tafiya take.

Muna fita gari muka kama wata siririyar hanya a bakin kogin Sher, wanda ke zuba cikin Luwar. Faɗinta bai fi amalanke biyu su gifta ba. A bakinta an kafa turaku, keke ya wuce, mota ba ta iyawa. Irin wannan hanya suna ce mata koriyar hanya, kuma a 2004 dokar ƙasar ta bayyana ta a matsayin ta masu tafiya ƙasa da abin hawa marar inji, wani wuri har da mahayan doki. Mun yi kusan sa'a guda ina ta waiwaye. Abokina ya ce: «Malam, mi kake nema a baya?» Na ce ba kome. Wuyana ne bai yarda ba tukuna.

Sai da na bar waiwaye na fara ganin mutanen da ke kan hanyar, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai. Ga tsohuwa mai furfura fat, ta girmi mahaifiyata, tana tafe a hankali da kwandon burodi. Ga magidanci yana jan ɗan amalanke a bayan kekensa, jinjiri yana barci ciki. Ga yarinya da ba ta fi shekara biyar ba, da hular kwano, tana ta karkace-karkace a tsakiyar hanya, uwarta ko tsawa ba ta yi mata ba. Wasu sun rataya wa kekensu mangala hagu da dama, da tanti da tukunya, sun yi sati biyu suna tafiya. Ƙarfafan samari masu gudu suna nan, amma su ko'ina kana ganinsu, har cikin motoci. Tsohuwa da jinjiri kuwa ba su fitowa sai inda hankali ya kwanta.

Hanyar duka sunanta La Loire à Vélo, wato Luwar a kan keke. Tsawonta wajen kilomita 900, tun daga kusa da garin Nevers har bakin teku, a yamma da Nant. Ku ƙiyasta daga Yamai zuwa Damagaram. Jihohi biyu ne suka ɗaura niyyar aikin a 1995, kuma sai da aka share fiye da shekara 15 kafin a haɗa ta baki ɗaya. Kada ku ɗauka dukanta babu mota. Wani yanki koriyar hanya ce, wani yanki kuma ƙananan hanyoyin ƙauye ne inda motar mai gona ko ta mai kai wasiƙu takan wuce jefi-jefi. A irin wuraren nan na lura iyaye sukan sa ɗiyansu a tsakiya, hira kuma takan ragu.

Bayan ƙauyen Villandry, inda Sher ya gamu da Luwar, hanya ta hau bisa wani dogon tudu na ƙasa, kamar ganuwar birni, sai dai ba gari ta kewaye ba, kogi ta bi. A dama ruwa, a hagu gonaki da gidaje can ƙasa, har kana kallon rufinsu. Wannan ganuwa ta girmi keke da ɗaruruwan shekaru. Tun ƙarni na 12 sarki Hanri na 2, wanda ya haɗa sarautar Ingila da ta wani yanki na wannan kwari, ya sa aka tsawaita ta, ya zaunar da mutane a kanta don su riƙa gyara. Ranar da na ga Luwar, ya yi sanyi kamar tunkiya: ruwa kaɗan, tsibiran rairayi fari fat, tsuntsaye suna ƙwai a kai. Ya tuna mini da gulbi a ƙarshen kaka. Amma a jikin bangon gidaje da gadoji akwai zane-zane da shekaru a rubuce, 1846, 1856, 1866, kowane yana nuna inda ruwa ya kai. Na tsaya gindin wani, na miƙa hannu, ban taɓo shi ba. A 1856 ruwa ya fasa ganuwar a La Chapelle-sur-Loire, ya malale kwarin har kusa da Anje. Saboda haka ba a yi sake da ita ba har yau, mai keke kuwa ya samu shimfiɗaɗɗen tudu marar hawa da gangara, bai biya ko dala ba.

A Bréhémont muka kwana. Ƙaramin ƙauye ne, amma yana da mashigin jirage na dutse wanda ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Da na yi mamaki sai aka ba ni labari. Da can kogin shi ne babbar hanya. Jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi suna hawowa daga teku, an ɗaura musu babban ƙyalle a kan sanda, iskar yamma tana tura su. Suna ɗauke da gishiri, da baƙin dutse falle-falle na rufin ɗaki, su gangara da giya da itace. Mutanen Bréhémont suna noma wata irin rama da ake tufka igiyar jirage da ita. Sai jirgin ƙasa ya iso Tur a 1846, ya kai Nant a 1851. Ba a daɗe ba masu jiragen ruwa suka rasa lodi, sana'ar ta mutu, mashigai suka yi ciyawa. Daga baya mota ta yi wa ƙananan hanyoyin jirgin ƙasa abin da shi ya yi wa kogi. A jihar Burgoñ, tsakanin Givry da Cluny, a kan irin wannan matacciyar hanyar jirgi aka shimfiɗa koriyar hanya a 1997, wasu wurare suka yi koyi. Galibin burtalin nan gado ne: ganuwar ruwa, turbar masu jan jirgi, dogon da aka cire wa ƙarafa.

Yanzu masu keke ne kasuwar ƙauyen. Mai burodi, mai gyaran birki da faci, matar da ta gyara ɗaki biyu tana saukar baƙi, duk a kansu suke ci. Dalilin a fili yake. Mai mota yana wuce ƙauye goma bai tsaya ba. Mai keke kuwa kilomita 40 ko 50 zai yi a wuni, dole yunwa ta kama shi a wani wuri, dare ya riske shi a wani. A nan na ci cukunsu na akuya, dogo, da tsinken kara a tsakiyarsa don kada ya karye. Ɗanye ne, mai taushi, ba kamar namu da ake shanyawa ba. Ban ce ya fi namu ba.

Wani abu da ya burge ni, ƙila don sana'ata ce ta sa, shi ne alluna. A kowace mararraba akwai ɗan allo, fari da kore: hoton keke, kibiya, sunan gari na gaba, da lambar kilomita. Babu dogon bayani. Wanda ya iya lambobi da ƴan baƙaƙe zai kai kansa teku ba ya tambayi kowa ba. Wanda ya tsara su ya san wahalar mai karatu yana tafe.

Kwana na biyu muka wuce kusa da tashar lantarki ta nukiliya ta Shino, wadda ta fara aiki a 1963, tururi yana tashi daga cikinta a tsakiyar gonaki. Daga nan sai Candes-Saint-Martin, inda kogin Biyen ya shigo. Ƙauyukan wannan yanki fari ne tas, don da wani farin dutse mai taushi aka gina su, wanda ake yanka da zarto. Ramukan da aka haƙo dutsen ba su tashi banza ba. Wasu an sa musu ƙofa da taga sun zama gidaje, wasu ana ajiyar giya, wasu ana noman naman kaza cikin duhu. Kafin Somur hanyar kekuna ma ta kutsa cikin irin kogunan nan. Sanyi ya buge mu kamar an buɗe randa, muka fito ta wancan gefe cikin gonakin inabi.

Mun shiga Somur da ƙarfe tara na dare, rana ba ta faɗi ba. Washegari muka sa kekunanmu cikin jirgin ƙasa, a wani tarago mai ƙugiyoyi inda ake rataye su kamar naman mahauta. Tafiyar da muka yi kwana biyu muna yi, jirgi ya maido mu Tur cikin ƙasa da sa'a guda.