Farantin Kek Mai Ƙafa: Abin da Turawan Kuza Suka Bari a Kuru

Duk wanda ya tashi a Kuru ko Bukuru ko Barikin Ladi ya san Turawan kuza sun bar mana gado iri biyu. Na farko ba ya ɓuya, watau kududdufai da tsibin ƙasa da suka cika filin nan. Na biyu kuwa sai ka shiga ɗakunan tsofaffin mata ka leƙa saman kabad sa'an nan za ka gan shi: kofuna, da butocin shayi, da wani faranti na gilashi mai ƙafa ɗaya, wanda Turawa suke ɗora kek a kai ranar biki. Wannan farantin shi ne na daɗe ina bi ina tarawa, har abokaina suna yi mini ba'a. Guda goma sha ɗaya gare ni yanzu, biyu daga ciki da tsaga.

Yadda suka hau dutsen nan ba abu ne mai wuyar ganewa ba. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso Bukuru daga Zariya cikin 1914, babban layi kuma ya biyo ta Kafanchan cikin 1927, aka riƙa sauke akwatunan matan Turawa cike da kayan fashi da aka shaƙe da ciyawa. Da aka yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa cikin 1972, daga baya kuma farashin kuza ya faɗi warwas cikin 1985, sai gidajen suka riƙa watsewa. Gilashi ga nauyi ga saurin fashewa, saboda haka wani aka yi gwanjonsa, wani aka bar wa kuku ko boyi. Kawuna ya yi shekara ashirin da biyu yana kuku a gidan wani injiniya, kuma irin wannan faranti yana cikin sallamarsa. Matarsa ba ta taɓa ɗora kek a kai ba. Ta sa shi cikin jere, in ana suna ta zuba goro da alewa.

To, abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, yawancin waɗannan farantai ba kayan sarauta ba ne ko a can Ingila. Gilashin zubi ne. Ana ɗebo narkakken gilashi a zuba cikin mazubi na ƙarfe wanda aka riga aka sassaƙa wa zane, a danna shi da wani ƙarfe har ya cika kowane lungu, kusan yadda maƙeran farfaru suke zubi. A Amurka aka fara wannan dabara wajen 1825, domin mai ƙaramin ƙarfi ya sami abin da ya yi kama da gilashin yanka, wanda ake fiƙe zanensa da hannu a jikin dutsen wasawa, mai tsadar gaske. Da Ingila ta soke harajin gilashi cikin 1845 sai sana'ar ta bunƙasa, musamman a garuruwan Gateshead da Sunderland.

Saboda haka in dillali ya ce maka kiristal ne, kada ka yi musu da shi, shafa kawai. Gilashin yanka bakin zanensa da kaifi, na zubi kuwa a dakushe yake, sumul. Sa'an nan ka bi ƙafar da ɗan yatsa, za ka ji siririn layi biyu ko uku ko huɗu sun gangaro, nan ne ɓangarorin mazubi suka haɗu. A tsofaffin sosai akan zuba faranti daban, ƙafa daban, a liƙa su da ɗan curin gilashi tun suna da zafi, kuma in ka duba ƙarƙashi za ka ga curin kamar zobe. Inda ka ga gam ya yi rawaya a wurin, to wani ne ya ɗauki farantin miya ya manna a kan mazaunin kyandir. An kawo mini irin wannan har sau biyu, da rantsuwa.

Daga nan sai neman tambari, aikin da yake son hasken safiya da haƙuri, gama wani bai kai ƙwayar wake ba. Kan ɗawisu na kamfanin Sowerby ne na Gateshead, wanda ya fara sa shi cikin 1876. Rabin zaki yana fitowa daga rawanin ganuwa na George Davidson ne, shi ma a Gateshead, wanda aka kafa cikin 1867. In ka ga wata alama mai kusurwa huɗu da haruffa da lambobi a kusurwoyinta, an yi rajistar zanen tsakanin 1842 da 1883. Daga 1884 sai aka koma rubuta Rd da lamba a gabanta. Amma a lura, lambar tana faɗin shekarar da aka yi rajistar zane ne, ba ranar da aka zuba farantin ba, don mazubi ɗaya yakan yi shekaru talatin yana aiki. Da yawa kuma ba su da tambari ko kaɗan, takarda aka manna musu, ruwan wanke-wanke ya tafi da ita tuni. Waɗannan sai a juya gindinsu. Wanda ya sha ja a kan tebur yana da ƙananan ƙarce ta kowace fuska, wanda aka goga da gangan kuwa ƙarcensa hanya ɗaya ya bi. Ina da guda da ya yi shekaru a bakin taga har ya koma shuɗi-shuɗi mai ja-ja kamar furen ƙaya. Wannan aikin rana ne a kan sinadarin manganis da ake sa wa gilashi don ya yi garau, abin da aka rage yi bayan Yaƙin Duniya na Farko.

Abin da yake damuna shi ne, gilashin yana ɗauke da sunan wanda ya ƙera shi da garinsa, amma ba ya ɗauke da sunan wanda ya wanke shi shekara ashirin bai fasa ba. Sowerby ya rufe cikin 1972, Davidson cikin 1987, duk da haka littattafan kayansu suna nan ana dubawa. Kukun fa? Mutanen nan, Birom da Hausawa da Angas da sauransu, sun iya gasa kek a murhun itace ba tare da ma'aunin zafi ba, ga shi jikokinsu suna sayar da farantin kuɗin cefanen kwana biyu. Don haka ba na saye sai na gaya wa mai shi ko mene ne a hannunta, sa'an nan in rubuta cikin littafina sunan kukun, da barikin da ya yi aiki, da shekarun da aka iya tunawa. Sau uku bayanin nan ya sa aka fasa sayar mini, ban kuwa ji haushi ba. Gumakan Nok da aka tono wajen haƙar kuza sun sami mazauni a gidan tarihi na Jos da aka buɗe cikin 1952. A ganina ɗakin girkin barikin kuza shi ma ya isa a ba shi ko da kabad ɗaya.

Wadda take da irinsa a ɗaki kuma ba ta da niyyar rabuwa da shi, roƙona ɗaya ne. Kowa ya san sanyin Kuru cikin hunturu. Kada a ɗauko farantin da sassafe yana ƙanƙara a tsoma shi cikin ruwan zafi, gama gilashin zubi kaurinsa ba ɗaya ba ne, wani wuri yakan buɗe kafin wani, sai ka ji ƙas. Biyun nan nawa masu tsaga, masu su sun ce haka ta faru da su. Ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu kaɗan sun isa, a kuma shimfiɗa tsumma cikin kwanon wankin.