Harshen Kakata da Ruwan Bakolori

Ranar da kakata ta kira ni "Kaɗo" ban yi dariya ba, ko da yake wasan kaka da jika take yi. Ruwan sha ta roƙe ni da Fulatanci, na tsaya ina kallonta kamar baƙo.

Rugarmu a ƙasar Maradun take kafin a kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978. Da ruwa ya cinye makiyaya sai dangi suka watse, mahaifina ya sayar da sauran shanunsa ya koma Talata Mafara. A can na tashi, gida Hausa, makarantar allo Hausa, kasuwa Hausa. Da kakata ta rasu, aka binne ta da tatsuniyoyinta.

Na daɗe ina zaton mu kaɗai wannan ya sama, har na karanta labarin Capel Celyn, wani ƙauye a yankin Wels na Birtaniya, wanda mutanensa ke magana da harshensu na gado. An tashe su, aka nutsar da ƙauyen, aka buɗe madatsa a 1965 don bai wa birnin Liverpool ruwa. Wannan ɓacin rai ya farkar da mutanen Wels. Suka sami tashar talabijin ta harshensu a 1982, manya suka shiga ajin yamma. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen sun haura dubu 538.

Ni ba ni da aji. Malamaina su ne mata masu tallar nono a kasuwar Talata. Nakan tsuguna gaban ƙwarya in ce "kosam", su ƙyalƙyale da dariya su gyara mini lafazi. Daga bakinsu na ji "ndiyam", na gane abin da kakata ta roƙe ni ke nan. Hawaye suka zubo mini.

Wani aminina ya ce, "Malam, a wannan zamani na 'yan bindiga, wa ke neman a ji Fulatanci a bakinsa?" Na san tsoronsa gaskiya ne. Amma in duk mai son zaman lafiya ya ɓoye harshen, an bar wa na daji shi ke nan.

Jiya 'yata ta miƙo mini moɗa ta ce, "Baba, ndiyam." Allah ya jiƙan kakata.