Daga Kalaba Zuwa Oron: Dajin Da Ke Tsaye Cikin Ruwan Zartsi

Birnin Kalaba yana zaune ne a kan tudu tsakanin koguna biyu, watau Kogin Kalaba da Babban Kogin Kwa. Dukansu suna gangarawa su tarar da Kogin Kuros, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Kamaru, sa'an nan su zuba cikin Tekun Atilantika. Bahaushe ba ya rasa masauki a garin, domin unguwar Bogobiri tana nan da masallacinta da masu tsirenta. Amma wanda yake so ya ga abin da ke ciyar da wannan yanki, sai ya bar tudu ya gangara bakin ruwa, ya shiga jirgin inji mai zuwa Oron ta Jihar Akwa Ibom. Haka na yi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne halin ruwan. Mu a Arewa kogi da damina yake cika, da rani ya janye. A nan kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa, a kwana guda. Wata ne ke jan ruwan teku, kuma kowace rana cikar takan yi jinkirin kamar minti 50 bisa ta jiya. In teku ya cika sai ya turo ruwan gishiri cikin kogi, in ya janye ruwan daɗi ya biyo bayansa. Ruwan teku tsantsa yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, amma na nan gauraye ne, zartsi-zartsi, irin na wasu rijiyoyinmu.

A cikin wannan zartsi ne wani daji yake tsaye, hagu da dama, iyakar ganin ido. Turawa suna kiran itacen mangurof, kada mai karatu ya ɗauka mangwaro ake nufi, ba su haɗa kome ba. Saiwoyinsa daga jikin gindi suke fitowa, sama da ruwa, su lanƙwasa su cake cikin laka, sai ka ce itacen ya hau ƙafafun gizo-gizo. Ta jikinsu yake shan iska, don lakar ba ta da ita. Ɗansa tun yana rataye a reshe yake tsira, ya yi tsawo kamar ƙaramin mashi, in ya faɗo ko dai ya cake nan take, ko ruwa ya kai shi wata gaɓa. Duk Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya faɗin irin wannan daji.

Da ruwa ya janye sai lakar ta bayyana, baƙa wuluk, tana ta motsi. Ga ƙaguwa iri-iri, ga kawa manne da saiwoyi, ga ƙananan dodon koɗi da mata ke tsinta don miya. Har da wani kifi mai idanu a ka, wanda ke fitowa daga ruwa yana tsalle a kan laka, yana dogara ƙirjinsa kamar ƙadangare. Ganyen mangurof da ke zuba yana ruɓewa, shi ne abincin ƙananan halittu, su kuma su ne abincin 'ya'yan kifi da na jatan lande, waɗanda ke ɓuya tsakanin saiwoyi inda manyan kifaye ba su iya kutsawa, har su yi ƙwari su fita fili. To, jama'a, busasshen jatan landen nan da matanmu ke dakawa su zuba a miya, da kifin bonga mai ƙaya da ake kasawa a kasuwar Sabon Gari, da yawansu daga irin wannan gaɓa suke zuwa.

Sai dai ba ko'ina na ga mangurof ba. A wurare da dama wani tsiro ne ya mamaye bakin ruwa, mai kama da tukurwa, ganyensa daga laka yake tasowa ba gindi a sarari. Sunansa nipa, kuma baƙo ne. Turawan mulki ne suka kawo shi Kalaba daga Singafo a 1906, aka kai shi Oron a 1912, da nufin ya riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta. 'Ya'yansa suna yawo a kan ruwa, duk inda suka sami fili sai su kafu, har ya bazu zuwa yankin Neja Delta da gaɓar Kamaru. A ƙasashen Asiya ana jinka da ganyensa, ana tatsar ruwansa a yi sukari. A nan kuwa amfaninsa kaɗan ne, ba shi da saiwoyin da kawa za ta kama, ba ya zubar da ganye kamar mangurof, masunta kuma suna kukan cewa inda ya cika kamu yakan ragu. Malaman Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Kalaba sun daɗe suna bin wannan lamari.

Wa ke buɗe masa filin? Amsar na gan ta tun kafin mu isa Oron. Kwalekwale bayan kwalekwale, shaƙe da itacen mangurof da aka sare, suna nufar sansanonin masunta inda hayaƙi ke tashi dare da rana. Kifin da aka kama a wannan zafi da laima, in ba a yi bandarsa ba, kafin gobe ya lalace, itacen mangurof kuwa yana cin wuta ko da ɗanye ne, yana kuma ba kifi launin da mai saye ke so. A ganina ba adalci ba ne a ɗora wa mai banda laifi alhali ba a ba ta wani makamashi ba. Abin da ya kamata hukuma ta matsa a kai shi ne murhun banda mai cin itace kaɗan, irin na Corko da aka soma a Gana wajen 1969, da kuma dasa mangurof a duk filin da aka sare kafin nipa ya riga shi.

A bakin ruwan Oron na tarar ana sauke buhunan jatan lande, manya-manya, kowanne sai ƙarti biyu sun kama. 'Yan kasuwa suna ciniki, ana loda motoci, wasu za su Aba da Onica, wasu kuma Arewa.