Muryar Kaka a Cikin Kile

Ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Labarin bai dami mutane da yawa ba, amma ya hana wata ɗalibar kimiyyar harshe barci a Damagaram. Kwamfutarta tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar Windows 11, don haka abokan karatu suka ba ta shawara ta koma Linux Mint, wadda ake samu kyauta kuma ba ta yi wa tsofaffin na'urori nauyi. Fargabarta ita ce abin da ke ciki: muryoyin tsofaffin da ta naɗa a ƙauyukan Mirriya saboda kundin digirinta, har da tatsuniyoyin kakarta, wadda Allah ya yi wa rasuwa a ƙarshen damina.

Da dare ta kwafe komai a kilen USB. Washegari ta kai kwamfutar wurin wani dattijo mai gyara, ta ce: "Malam, na riga na kwashe kayana, sai ka goge kawai."

Ya dube ta ya ce: "Ƴata, kin buɗe su a wata na'ura kin gani?"

Ba ta buɗe ba. Da suka saka kilen a kwamfutarsa, sai ga takardu da hotuna da sautuka duk suna nan, amma babu bidiyon kakar. Dattijon ya bayyana mata dalili: kilen na kan tsarin FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, bidiyon kuwa ya wuce haka. Kwamfutar ta yi mata gargaɗi cikin dare, barci ya sa ta danna ta wuce. Jikinta ya yi sanyi, domin wanda ya zaɓi goge faifai gaba ɗaya wajen girka sabuwar manhaja ba ya barin komai a baya.

Daga nan aikin ya koma na natsuwa. Suka mayar da kilen kan tsarin exFAT, suka sake kwafewa, sannan suka yi kwafi na biyu a wani faifai na waje. Suka gwada yawan fayiloli da girmansu da na asali. Ya sa ta lissafa abubuwan da ido ba ya kai wa: kalmomin sirri da ke ajiye a manhajar shiga intanet, salon rubutun Charis SIL, da tsarin allon bugawa da take fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ita kuma ta tuna cewa rubutun da ta yi a ELAN ba ya ɗauke da sautin kansa, nuni kawai yake yi zuwa inda sautin yake, sai ta haɗa kowane rubutu da sautinsa a jaka guda.

Kafin a taɓa faifan, suka tayar da Linux daga wani kile dabam don gwaji. Lasifika ta yi magana, intanet ta kama, haruffa masu ƙugiya suka fito daidai. Sai da batir ya cika, saboda gudun ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki, sannan dattijon ya cire faifan ajiyar ya miƙa mata, ya fara girkawa.

Bayan la'asar ta mayar da kayanta, ta girka ELAN da Praat, ta buɗe bidiyon. Kakar ta bayyana zaune bisa tabarma, tana gyara kallabi kafin ta soma tatsuniya. Ɗalibar ta saurara har ƙarshe, dattijon bai katse ta ba. Da ta tashi tafiya ya ce: "Kile ya zauna wurinki, faifan kuma ki kai shi gidan iyayenki. Kada su kwana ɗaki ɗaya." Ranar Juma'a ta shiga motar Mirriya da faifan a cikin jakarta.