Magazar Gyaɗa da Ta Koma Ɗakin Koyon Kiɗa

Mu da muka yi ƙuruciya a Tibirin Samna zamanin ƙungiyoyin matasa na Samariya, lokacin mulkin Saini Kunce, mun san wata tsohuwar magaza a gefen kasuwa. A da gyaɗa ake tarawa cikinta, amma tun da fari na 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa aka bar wa jemagu da gara ita.

Sarkin samarinmu ne ya nemo iznin gyara ta, don 'yan wasanmu su samu wurin gwaji. Bayan an kai gero rumbu aka kira gayya. Muka kwashe kashin jemage da kwanduna, muka cuɗa ƙasa da harawa, magina suka toshe tsagar bango suka yi yaɓe, 'yan mata na ɗauko ruwa daga rijiya. Ran da aka fara kaɗa ganga a ciki, rufin kwano ya ɗauki amo har ba ka jin muryar mai waƙa. Wani tsohon magini ya ce a shimfiɗa zana ƙarƙashin kwanon, a rataya tabarmi a bango. Aka yi, amon ya kwanta.

Duk wannan aikin hannu ne, ya zo da sauƙi. Wahalar tana wajen mai koyarwa. A Arewa kiɗa gado ne, kuma mai gogen da muke so, wanda ya tsufa yana yi wa 'yan bori kiɗa, bai taɓa miƙa gogensa ga wanda ba jininsa ba. Na je gidansa tare da sarkin samari.

"Baba, 'ya'yanka sun tafi biɗa Lagos, wa zai riƙe bayanka?"

Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Samari, na ji. Amma taken iskoki ba na koya wa kowa. Na biki da na noma, ku kawo yaran."

Haka ya tsaya a kai har ya rasu, kuma ina ganin ya yi daidai. Ya koya musu ɗaura fatar guza a ƙoƙo, da zaɓen izgar doki, da shafa mata ƙaro, kafin ya bar su su ja tsirkiya. Wasu iyaye sun janye 'ya'yansu, suka ce ba su haifi maroƙi ba.

Sai a 1989 aka buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Mu a Tibiri mun riga mun fara, da laka da zana.