Wata Goma A Gidan Mutanen Koriya

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Amma ba kullum ne sai mutum ya hau jirgi ba, wani lokaci baƙuwar ƙasa ita kan zo ta same ka har cikin ƙasarku. Tun da na shigo wannan kwaleji 'yan'uwana ɗalibai su ke damuna da tambaya, wai da gaske ne na zauna da mutanen Koriya, me kuma su ke ci? Saboda haka na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili in amsa musu gaba ɗaya, don na ga akwai abin da ya shafi aikinmu na malanta a cikin zancen.

Ga yadda abin ya faru. Da na gama sakandare a makarantar mishan ban sami halin wucewa gaba nan da nan ba. Kawuna kuwa direba ne a Abuja, yana tuƙa wani injiniya mutumin Koriya ta Kudu. Cikin 2022 mutumin ya nemi wanda zai riƙa yi wa 'ya'yansa biyu bitar karatu da maraice, sai kawu ya aiko Mubi aka tafi da ni. Aka ba ni ɗaki a bayan gida, aka ce in riƙa cin abinci tare da su. Mu shida ne: maigida, da uwargida, da yaran biyu, da mahaifiyar maigidan, wata tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai wadda kowa ke kira halmoni, watau kaka, sa'an nan ni. Wata goma na yi tare da su.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan kwanoni. Mu dai a gida akushi ɗaya ne na tuwon dawa, da kwano ɗaya na miyar kuka ko yakuwa, kowa ya wanke hannu ya matso. Su kuwa kowa da ɗan kwanonsa na shinkafa da na romo, sa'an nan a jera ƙananan kwanoni biyar ko shida a tsakiya, wannan ganye, wannan wake, wannan ƙananan busassun kifi, kowa yana tsinta daga ciki. Shinkafar tasu gajeriya ce mai danƙo, ba gishiri ba mai, kamar an fara tuwo an fasa. Ita ce da safe, ita ce da rana, ita ce da dare. Ba su da wani abu dabam na karin kumallo kamar yadda mu ke da kunun gyaɗa da ƙosai. Ba su sa hannu. Da cokali mai dogon mariƙi su ke cin shinkafa da romo, da tsinke biyu na ƙarfe kuma su ke ɗaukar sauran. A maimakon ruwa su kan dafa soyayyen sha'ir su sha ruwansa, da ɗumi ko da sanyi.

Wajen ladabi kuwa, sai na ga kamar ina gidanmu. Ba mai shiga ɗaki da takalmi. Ba wanda zai ɗaga cokali sai kaka ta ɗaga nata. In za ka ba babba abu, ko za ka karɓa daga hannunsa, da hannu biyu za ka yi. Ba a kafa tsinke a tsaye cikin shinkafa, don haka a ke yi wa matattu ranar tunawa da su. Da ya ke komai nasu bisa girma ya ke tafiya, ba wuya baƙo ya tambaye ka shekarunka ran da kuka fara haɗuwa, ba kuwa rashin kunya ba ne, so ya ke ya san irin maganar da zai yi maka. A da ma ƙidayarsu dabam ce, jariri ran da aka haife shi shekara ɗaya gare shi, sai cikin Yuni 2023 hukumarsu ta koma ga irin ƙidayar sauran duniya.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ta naman kare. To, ban taɓa ganinsa a gidan ba, yaran ma da na tambaye su sai suka yamutse fuska. Cikin Janairu 2024 majalisar ƙasarsu ta yi dokar hana yanka kare da sayar da namansa, aka ba masu sana'ar wa'adi zuwa 2027. Naman alade kam suna ci ƙwarai. Amma maigadin gidan Musulmi ne, na kuwa ga uwargida ta ware masa tukunya da cokali dabam, ba ta taɓa haɗa su da nasu ba.

Yanzu bari in zo ga sarkin abincinsu, watau kimci. Kabeji ne irin nasu mai dogon ganye. A kan tsaga shi a barbaɗa masa gishiri ya yi laushi, a wanke, sa'an nan a cusa masa haɗin jan barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi mai gishiri, a danna cikin mazubi a rufe har ya yi tsami. Ran da aka fara buɗe shi kusa da ni, kai, warin ya cika ɗaki! Yaji kuwa, ko mutumin da ya saba da yajin tsire sai ya nemi ruwa. Ba a zama cin abinci ba shi. Dalili kuwa, hunturun ƙasarsu mai tsanani ne, ƙanƙara kan rufe gonaki wata da watanni, ba ɗanyen ganye ko ɗaya. Saboda haka wajen watan Nuwamba mata kan taru kamar gayya, yau gidan wannan gobe gidan wancan, su haɗa na dukan hunturu. A da cikin randuna a ke zubawa a binne a ƙasa, yanzu firji na musamman gare su. Wannan gayya, da su ke kira kimjang, hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya abin adanawa a 2013. Ashe abin da mu ke yi ne sa'ad da mu ke shanya kuɓewa da kuka da kaka don tanadin rani, hanya ce kawai ta bambanta.

Akwai kuma wani abin miya mai ƙarfin wari da su ke kira dwenjang. Wata rana iyata ta aiko mini da daddawa daga Mubi, na buɗe ƙunshin a madafi. Kaka ta matso da sandarta, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta sake shinshinawa, sai ta fashe da dariya, ta jawo kwalbar dwenjang ta ajiye kusa da ita. Lalle 'yan'uwan juna ne. Su waken suya su ke dafawa su kirɓa, su yi curi-curi su rataye ya bushe, sa'an nan su jiƙa cikin ruwan gishiri ya daɗe. Mu kuwa kalwa mu ke dafawa mu rufe ta kwana biyu ko uku, ko kuwa 'ya'yan yakuwa, waɗanda a ke yin daddawar batso da su. Masana sun nuna ƙananan halittun da ke aiki cikin nasu curin da cikin tamu daddawar dangi ɗaya ne. A daren nan uwargida ta jefa daddawar Mubi cikin romonsu, kowa ya sha ya ƙara. Laifi tudu ne, in ji mutane, ka taka naka ka hango na wani. Wari ma haka ya ke.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai gaisuwarsu ce. Mu mu kan ce ina kwana, ina gajiya. Su kuwa sau da yawa cewa su ke yi, ka ci shinkafa? Kullum kaka ta gan ni sai ta tambaye ni haka, ko da tare muka ci. In kuwa ta ga an bar ƙwaya a kwano, sai ta kira mai kwanon ya dawo ya sharɓe. Jikanta ya zama tafinta, ta ba ni labari. Shekararta tara aka fara yaƙin Koriya cikin 1950, ba a tsagaita ba sai 1953. Sun gudu kudu da ƙafa, da ɗan buhun hatsi a bayan uwarta. Ko bayan yaƙi, kowace shekara akwai lokacin da shinkafar bara ta ƙare, sha'ir kuma bai nuna ba. Suna kiran lokacin tudun sha'ir, wai don haye shi da wuya. Mutane kan shiga duwatsu neman ganyaye da saiwoyi. Yawancin ganyayen nan da su ke jerawa a ƙananan kwanoni yau cikin alfahari, da su aka haye wannan tudu. Ƙasar ba ta wadatu da shinkafa ba sai cikin shekarun 1970, bayan an samo sabon iri mai yawan amfani.

Da ta gama sai ni ma na ba ta nawa. A ƙarshen Oktoba 2014, ina yaro, Boko Haram suka shiga Mubi. Muka fita da abin da ke jikinmu, muka bi duwatsu wajen iyakar Kamaru. Mun ci ɗanyar gyaɗa a gonakin da ba mu san masu su ba, mun ci tafasa ba gishiri. Na gaya mata mu ma muna da namu tudun, wajen Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba. Tsohuwar ba ta ce komai ba. Ta dai ɗebi rabin kifin da ke gabanta ta ɗora a kan shinkafata. Tun daga ranar, in ta tambaye ni ko na ci shinkafa, na san abin da ta ke nufi.

To, 'yan'uwana malaman gobe, ga inda zancen ya shafe mu. Da aka tura ni gwajin koyarwa wata firamare a gefen Mubi, na lura da wata yarinya da kan zaga bayan aji ta ci abincinta a ɓoye lokacin tara. Na bincika, ashe yara ne ke toshe hanci in ta buɗe kwanonta, wai miyar mutanen dutse wari ta ke. Wata rana ma sai ta daina kawowa, ta wuni da yunwa, tana gyangyaɗi a darasin lissafi. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ajinmu a wannan yanki ya tara Fali da Gude da Margi da Kamwe da Kilba da Fulani da Hausawa, kowa da tukunyar uwarsa. Yaron da aka koya masa jin kunyar miyar uwarsa, ba da daɗewa ba zai ji kunyar harshenta, sa'an nan ya ji kunyar ita kanta.

Abin da na yi kaɗan ne. Na ba su labarin kimci da na kaka, na sa kowane yaro ya tambayo a gida yadda a ke yin abu ɗaya da su ke ci, da dalilin da kakanninsa suka fara yinsa. Da aka zo karantawa, sai ga shi kusan kowa labarin fari ne, ko na gudun hijira, ko na tanadin rani. Yarinyar nan ita ta bayyana mana yadda a ke yin daddawar batso, aji ya yi tsit yana sauraro.

Mutanen Koriya ba su yar da abincin talaucinsu ba da suka yi arziki, sai ma suka kai shi gaban duniya suna taƙama da shi. Mu ma daddawarmu da kukarmu ba abin ɓoyewa ba ne. Ina roƙon duk wanda zai tsaya gaban allo ya riƙa kai ido bayan aji lokacin tara. Iyakar abin da na gani ke nan. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.